Ranar da Na Yi wa Direban Burodi Tafinta

Shekara huɗu muka yi da shi a ɗaki ɗaya a unguwar Sultana ta Madina, a saman wani garejin gyaran motoci. Ni ina aiki a shagon sayar da kayan gyaran mota, shi kuma yana tuƙa motar wani gidan burodi, yana raba wa shaguna tun daga Aƙiƙ har wajen Kuba. Mutumin Maraɗi ne, ya girme ni da shekara goma sha wani abu, don haka Yaya nake ce masa. Shi kuwa Malam yake kirana, saboda na yi makarantar Arabiyya a Funtuwa kafin in zo Madina, kuma ni nake karanta wa 'yan uwanmu takardun iƙama, wato izinin zama, da na asibiti idan sun rikice musu. Larabcinsa bai wuce na kasuwa ba: nawa, kawo, gobe, in Allah ya so.

Ban taɓa shiga motar direba mai natsuwarsa ba. A titin Sultana, inda kowa hannunsa na kan oda, shi sai ya yi sati bai danna ta ba. Idan wani ya sha gabansa sai ya rage gudu ya ce, "Tahi, ƙila matarka na naƙuda." Kullum da hantsi yakan biyo ta shagonmu ya ajiye mini burodi biyu masu zafi a kan kanta, ko tsayawa gaisuwa ba ya yi.

Kafin ya zo Madina tirela yake tuƙawa tsakanin Maraɗi da Legas. Wata Juma'a bayan mun sauko daga masallaci, muna cin shinkafa da kaza a faranti ɗaya, ya gaya mini cewa a wannan hanyar ya koyi shan giya, kuma ya sha ta shekara da shekaru. Ban tambaye shi ba, shi ya kawo maganar.

"Malam, ba don kuɗi na zo garin nan ba," ya ce. "Gudun ta na yi. Na ce in na zo inda ba a sai da ta, shi ke nan na huta."

Na ce masa Allah ya ƙara shirya mu, muka ci gaba da cin abinci. A lokacin ya shekara shida bai taɓa ta ba.

Duk baƙon da ke zaune a ƙasar ya san dokar, ko bai iya karatu ba. Babu shagon da ke sayar da giya, amma ba a rasa masu dafa ta a ɓoye cikin gidajen haya, kuma akwai masu shan kolonya, turaren nan mai ruwa-ruwa da wanzamai ke shafa wa mutum bayan aski. Mun kuma san bambancin da ke tsakaninmu da 'yan ƙasa. Ɗan ƙasa idan aka kama shi da maye a kan sitiyari, zai sha bulala, ya yi zaman kurkuku, ya fito ya koma gidansa. Baƙo zai sha duk wannan, sannan a bi shi da tarhil, wato a sa shi a jirgi a mayar da shi ƙasarsu. Mukan yi hirar irin waɗannan labarai a wurin shan shayi, amma kullum labarin wani ne can, mutumin wata ƙasa da ba mu sani ba.

A shekararmu ta huɗu na fara ganin canji. Ya sayo kwalbar kolonya ya ajiye a kan taga, kafin sati ta ƙare, ya sayo wata. Ya koma tauna hel, ƙwayar ƙamshin nan da ake sa wa gahawa, safe da rana. Ya daina bina Harami ranar Juma'a, ya ce cunkoso na sa masa ciwon kai, gara masallacin unguwa. Wata rana ina sauya tukunyar gas na ga kwalabe biyar a bayanta, duk babu kome a ciki.

Na san abin da na gani. Amma da ya dawo, abin da na iya ce masa kawai shi ne, "Yaya, turaren nan naka yana saurin ƙarewa."

Ya ce, "Zahi ne, Malam. Zuhwa ta yi yawa."

Na ce haka ne, bana an yi zafi. Na bar maganar a nan. Na gaya wa kaina cewa ya girme ni, kuma ba a tona asirin Musulmi. Gaskiyar ita ce nauyinsa nake ji, kuma ba na son ɗakinmu ya yi mana ƙunci.

Ran wata Talata bayan la'asar, mun buɗe shago ke nan, aka kira ni a wayar shago. Manajan gidan burodin ne, wani Basudane. Ya ce, "Ɗan uwanka yana hannun murur. Ya yi hatsari a Al-Ranuna. Ka je yanzu." Murur su ne 'yan sandan hanya. Na nemi izini wajen mai shago na tari tasi.

Ko da na isa an riga an tafi da shi. Motar tana nan ta hau dakalin titi, ta buga katangar wani gida ta rushe kusurwarta. Ƙofar baya ta buɗe, burodi ya watse a ƙasa, tattabaru sun sauko suna ci. A ƙarƙashin tayar gaba akwai wata farar kujerar roba da ta farfashe. Mutane na tsaye suna kallon kujerar fiye da yadda suke kallon motar.

Wani magidanci da farar riga yana ta faɗa da Larabci, yana nuna kujerar. Daga maganarsa na gane cewa kujerar mahaifinsa ce, a nan yake zama kullum bayan la'asar, kuma ya tashi ne kawai ya shiga gida ɗauko tabarau sai motar ta zo. Mahaifin yana tsaye a bakin ƙofa da sanda, tsoho baƙi siriri. Da ya ji na tambayi wani askari, wato ɗan sanda, inda aka kai direban, sai ya dube ni ya ce da Hausa, "Yaro, kai ɗan uwansa ne?"

Na yi mamaki, duk da na san unguwar akwai jikokin mahajjatanmu da suka zauna tun da daɗewa. Na durƙusa na gaishe shi. Na ce ɗaki ɗaya muke.

"Ya ji ciwo?"

Na ce ban sani ba, Baba.

"Bai ji ba. Na gan shi ya fito da ƙafarsa. Ya zauna a ƙasa yana kuka." Hausarsa tsohuwa ce, a hankali take fita, kamar yana ɗauko kalmomin daga nesa. Daga baya ya gaya mini mahaifinsa a ƙafa ya zo daga ƙasar Haɗeja, shi kuma a Madina aka haife shi. Ɗan nasa malamin makaranta ne, yana jin Hausa sarai amma da Larabci yake amsawa.

A ofishin murur aka ce mini askarin da ya fara zuwa wurin ya ji wari a bakinsa, an kai shi asibiti an ɗebi jini. Kafilinsa, wato mai gidan burodin da iƙamarsa ke hannunsa, ya zo ya same ni a zaure. Mutumin kirki ne, ya san darajar direbansa. Ya ce mini da hatsari ne kawai, da yau zai kwana a gida. "Amma wannan," ya buɗe tafukansa, "ba ni da hannu a ciki." Bayan kwana biyu aka bar ni na gan shi ta bayan waya. Bai yarda mun haɗa ido ba. Abin da ya fara tambaya shi ne ko da gaske ba kowa a kan kujerar. Na rantse masa babu kowa. Ya ce, "Alhamdu lillahi," ya maimaita har sau uku, sannan ya ce in kawo masa silifa.

An ɗauki 'yan makonni kafin a kai shi mahkama, wato kotu. Ranar na je ne don in zauna a waje in ji yadda ta kaya, sai wani ma'aikaci ya leƙo ya tambaya ko akwai mai jin Hausa da Larabci, don tafintansu ba ya nan. Na miƙe. Aka karɓi iƙamata aka rubuta, aka rantsar da ni cewa zan faɗi abin da aka faɗa ba ragi ba ƙari.

Ɗakin ƙarami ne, ba kamar yadda na zata ba. Alƙalin na zaune a bayan tebur da tabarau, magatakarda a gefensa. Yaya na tsaye, askari a bayansa. Ya rame, gemunsa ya fito da furfura da ban taɓa lura da ita ba. A kan benci a bayana tsohon Al-Ranuna ne da ɗansa.

Da tsohon aka fara. Alƙali ya tambaye shi abin da yake nema game da katangarsa. Ya ce ba ya neman kome, ya yafe. Ɗan ya motsa kamar zai yi magana, uban ya ɗora masa hannu a gwiwa. Aka rubuta, tsohon ya dangwala yatsa. Alƙali ya ce haƙƙin mai gida ya faɗi, saura haƙƙin jama'a.

Sannan ya juyo ya ce in tambayi Yaya ko ya sha abin da ke sa maye a ranar.

Na tambaye shi. Ya ce, "Na sha."

Na fassara. Alƙali bai sa an rubuta ba. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Tambaye shi, ko dai don magani ya sha? Ko bai san yana sa maye ba?"

Na yi karatu daidai gwargwado, na san abin da ake yi. Alƙali ba ya ɗokin tsayar da haddi, hanya yake ba shi. Takardar asibiti tana nan, ba za a sake shi haka kawai ba, amma da ya ce bai sani ba, wataƙila hukuncin ya yi sauƙi. Na fassara tambayar, sannan na ƙara da nawa ƙasa-ƙasa: "Yaya, sauƙi yake nema maka. Ka ce ba ka sani ba."

A ranar ne ya fara dubana ido cikin ido tun da abin ya faru. Ya ce, "Malam, a garin Manzon Allah zan tsaya gaban alƙali in yi ƙarya? Hwaɗa mishi na sani. Na san mi na sha, kuma na hau mota."

Alƙali na jirana. Kalma biyu ce kawai ta Larabci, in ce bai sani ba, kuma shi Yaya ba zai gane na sauya ba. Har na buɗe baki. Sai na tuna tsohon da ke zaune a bayana, wanda ya ji duk abin da muka faɗa, da ɗansa da ke jin haushi kuma yake jin Hausa. Na sha tambayar kaina ko tsoron Allah ne ya hana ni ko tsoron mutanen nan biyu, kuma har yau ban samu amsar da ta kwantar mini da hankali ba. Na dai faɗi abin da ya faɗa.

Alƙali ya sake tambaya ta wata fuska, Yaya ya sake ba da amsa iri ɗaya. Sai alƙali ya mayar da tabarau ya ce wa magatakarda ya rubuta. Bulala tamanin saboda shan. Wata shida a kurkuku saboda tuƙi cikin maye. Bayan nan a mayar da shi ƙasarsa. Ni na faɗa masa da bakina, ɗaya bayan ɗaya. Na farko da na biyu ya gyaɗa kai. Da na zo na uku sai ya ce, "Har abada?" Na tambayi alƙali. Ya ce wannan ba a hannunsa yake ba, amma kada ya sa rai. Na fassara wannan ma.

Tsohon ya dafa sanda ya miƙe, ya ce da Larabci, "Ya Shaikh, ni ne na kusa mutuwa, kuma na yafe. A bar shi ya zauna." Alƙali ya amsa masa da ladabi. Ya ce katanga taka ce, ya Ammi, wato Baffa, ka yafe, Allah ya saka maka. Amma titi ba naka ba ne kai kaɗai.

A waje na tsaya ina jiran tasi. Ɗan tsohon ya tsayar da motarsa a gabana, mahaifinsa na zaune a gefensa, ya ce in shiga. Da muka kai Sultana zan sauka sai ɗan ya ce da Larabci, ba tare da ya waiwayo ba, "Na ji abin da ka ce masa. Na kuma ji abin da ya ce maka." Tsohon kuwa ya tambaye ni ranar da ake ziyara a kurkuku.

Tun daga nan, duk ranar ziyara sai in biya ta Al-Ranuna. Matar tsohon takan tuƙa tuwon dawa da miyar kuka ta zuba a kwanon samira ta ɗaure da ƙyalle. Wani lokaci masu gadi su bari in shiga da shi, wani lokaci su hana, in zauna a inuwar katanga in cinye. Ranar da kwanon ya fara isa hannun Yaya, ya buɗe ya ga tuwo, ya tambayi wanda ya aiko. Da na gaya masa sai ya rufe kwanon ya ajiye a cinyarsa, ya daɗe bai ci ba.

Ban ga bulalar ba. Shi ya ba ni labari. Ya ce da rigarsa aka yi masa, kuma mai dukan ba ya ɗaga hannu sama sosai. Bayansa ya yi tsami kwana uku. Ya ce abin da ya fi masa zafi shi ne kafin a fara, da aka karanta sunansa da na mahaifinsa da ƙarfi, aka faɗi laifinsa a gaban mutane.

A wata ziyara na ce masa, "Yaya, na ga kwalaben tun kafin abin ya faru. Ban yi maka magana ba."

Ya ce, "Na sani. Na ga ka gyara su, ka jera su daidai."

"Da na yi magana fa?"

Ya yi ɗan tunani. "Da na yi hushi. Ƙila in bar maka ɗakin." Ya sosa gemu. "Ƙila kuma in ji kunya in bari. Allah kaɗai ya sani, Malam."

Na tambaye shi abin da ya mayar da shi bayan shekara tara. Na zaci zai ce wani mugun labari ya samu daga gida. Ya ce ba kome. Ya je aski ne, wanzami ya shafa masa kolonya a wuya, ƙamshin ya bi shi har mota, ya kwana da shi ya tashi da shi. Ran na uku ya saya.

Da wa'adinsa ya cika aka ce in kawo kayansa. Duk abin da ya tara a Madina jaka ɗaya ce da bargo: riguna huɗu, rediyo, dardumar salla, da yadi biyu da ya saya wa matarsa yana jiran hutu. Na ƙara masa dabino. Za a kai shi Jidda a bas tare da sauran waɗanda za a mayar ƙasashensu, daga can a sa su a jirgi. Ya roƙi askari ko za a bar shi ya shiga Harami ya yi sallama, aka ce babu hali. Sai ya ce mini, "Ka je ka yi mini. Ka hwaɗi sunana." Na je bayan azahar, na bi layi, na tsaya daidai inda ake tsayawa a gaban kabarin Manzon Allah na isar da sallamarsa kafin masu gadi su ce a matsa gaba.

Na ƙara shekara bakwai a Madina bayan tafiyarsa. A wani hutu da na zo gida na hau mota daga Katsina ta Jibiya na shiga Maraɗi. Ban sha wahalar nemansa ba, direbobin tasha duk sun san shi. Na same shi a ƙarƙashin wata rumfar kwano a bakin tasha yana faci, ya tsoma tiyub a cikin baho yana neman inda iska ke fita. Ya tsufa, amma jikinsa ya murmure. Ya rungume ni da jiƙaƙƙun hannuwa, ya aika aka sayo mana shayi.

Ya ce tun da ya dawo bai sake riƙe sitiyari ba. An yi masa tayin tirela har sau biyu ya ƙi. Na tambaye shi ɗaya abin, maganar shan, wannan karon kai tsaye, ban kewaya ba. Ya ce, "Sau biyu na hwaɗi, shekarar hwarko. Na gaya wa uwar ɗiyana da bakina. Tun daga nan Allah ya tsare, amma ba na cewa na gama da ita."

Sai ya tambayi tsohon Al-Ranuna. Na gaya masa ya rasu shekara biyu da suka wuce, an yi masa salla a Harami an kai shi Baƙi'a, kuma ina cikin waɗanda suka ɗauki makara. Ya ajiye kofin shayinsa ya ɗaga hannu, muka yi masa addu'a tare. Muna shafawa wani mai babur ya turo babur ɗinsa, tayar baya a kwance. Yaya ya ce masa ya jingine ta nan, ya jawo akwatin kayan aikinsa, ya ce mini in zauna kada in tafi, gida za mu je in ci tuwo.